Shekarar da Aka Ɗaure Mini Haƙora

Ƴaƴana, akwai shekarar da kuke kira shekarar ciwon Baba. Haka nake jin kuna faɗa tun da daɗewa, yanzu har jikoki sun ɗauka daga bakinku, kamar yadda ake cewa shekarar fara ko shekarar ambaliya. Na daɗe ina barin maganar tana wucewa, don in na ce zan gyara ban san ta inda zan kama ba. Abu ɗaya dai na sani tabbas: a waccan shekara ko zazzaɓi ban yi ba. Sauran abin da ya faru kuwa, akwai wuraren da ni kaina har yau ban gane su ba. Zan dai faɗa muku yadda suka zo.

Manyan cikinku sun san yadda nake kafin nan. Ƙato ne ni, mai tumbi, wuya ninki-ninki. Ina aikin kiwo na gwamnati a nan Dungas, abin da kowa ke ce wa elbaj: allurar shanu a rugage, da duba nama a kwata ranar kasuwa. In na hau moto, wato babur, zan tafi Yekuwa, tayar baya nutsewa take yi cikin rairayi sai na sauka na tura ina haki. Amma ba wanda ya taɓa ce mini wannan matsala ce. Jikin nan shi ne rabin mutuncina. Mahauta suna cewa Malam Habu ya ci albashinsa kuma ya nuna. Innarku in mata suka yaba girkinta, ni take nunawa da baki.

Asalin maganar wani bijimi ne a wata ruga bayan Yekuwa, shekaru da dama kafin nan. An riƙe shi, na sunkuya zan soka masa allura, ya fizge kai, gindin ƙahonsa ya same ni a baki. Haƙori ko ɗaya bai faɗi ba, saboda haka na gode wa Allah, na kurkure da ruwan gishiri, na ci gaba da aiki. Sun yi girgiɗi na ɗan lokaci suka kafe, amma ba a inda suke da ba. Daga nan suka riƙa tafiya a hankali, kamar katangar da ruwa ya ci gindinta. Na sama guda biyu suka leƙo waje, na ƙasa suka hau juna suna sukar dasashina, ɓangaren dama ya daina haɗuwa gaba ɗaya. Na koma tauna da hagu kaɗai. In na yi hamma muƙamuƙina ya yi ƙara, asuwaki kuma kullum da jini a bakinsa.

Da abin ya ishe ni na hau mota ta Magaria zuwa Damagaram, da niyya ɗaya: a cire na gaban nan in huta. Likitar haƙoran da aka kwatanta mini mace ce, ƙarama, mai magana a hankali. Ta sa aka yi hoton bakin, ta daɗe tana kallonsa a jikin haske.

"Babu wanda zan cire," in ji ta. "Saiwoyinsu suna nan da rai. Za mu wanke dasashin ya warke tukuna, sannan mu mai da su wurinsu."

"A mai da su yaya? Madam, na kusa hamsin. Duba haƙoran shanu aikina ne. Haƙorin tsohon sa ba ya motsi."

"To naka wa ya ɗauke su ya kai su inda suke yanzu?"

Kafin in fita ta ɗaura mini abin awon tansiyo, wato hawan jini, ta kwance ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun, sannan ta tura ni wurin wani likita a ɗakin gaba. Shi kuma ya ce in rage gishiri, in rage mai, in rage suga, in kuma rage jikin kansa. Na ce masa to, irin to ɗin da ake ce wa likita a manta da ita a tasha.

Bayan dasashin ya warke aka sa mini abin. Ƙananan ƙarafa ne kamar ƙwayar dawa, an manna ɗaya a kan kowane haƙori, aka zura siririyar waya ta ratsa su duka. Ita likitar aparai take ce masa. A Dungas waya aka raɗa masa, kuma har yau da wannan suna aka san shi. Da na dawo gida na kira Innarku ɗaki na buɗe mata bakina. Ta daɗe tana kallo, ta karkata kai nan, ta karkata can.

"Malam, wannan kwalliya ce ko magani?"

"Gyara ne."

"Gyaran me? Ai da su kake ci shekara da shekaru."

Ranar da daddare ta kawo mini tuwo da miyar kuka da ƙashin rago a ciki, yadda nake so. Ko lomar tuwon ban iya haɗa haƙorana a kanta ba. Ji nake kamar kowane haƙori an kama shi ana murɗawa. Sati guda kunu da fura kawai na sha. Da zafin ya lafa kuma sai ga dokoki: ban da kilishi, ban da goro, ban da rake, ban da gasasshiyar masara, ban da aya da goruba da busasshen dabino. Duk abin da na ci sai na zauna da ɗan buroshi ina tsince wayar kamar mai tsince wake, abin da ya sa na daina ci a waje. Balangun da mahauta suka saba naɗe mini ranar kasuwa sai in ce a kai gida. A wurin suna ko ɗaurin aure in aka ajiye akushi, in ce na ƙoshi. Kowane wata kuma in na koma Damagaram aka ƙara ɗaure wayar, sai in sake komawa kunu. Ban yi niyyar bin maganar likitan tansiyo ba, wayar ce ta bi ta a madadina.

Kafin damina ta ƙare manyan riguna suka fara yi mini yawa. Zariyar wandona ta riƙa zagayowa har tana jan ƙasa. Kuma gaskiya zan faɗa muku, daɗi nake ji. Gwiwoyina suka daina kuka in na yi sujada. Ciwon kan da nake tashi da shi ya tafi. Na hau moto na ratsa rairayin Yekuwa ban sauka ba. A Damagaram in na hau sikeli, likitan tansiyo har tafa mini yake yi, ya ce in ci gaba a haka, na ƙara wa kaina shekaru. In fito cike da murna, in shiga mota, in sauka a tashar Dungas da la'asar, mutum na farko da zai gan ni sai ya rage murya.

"Malam Habu, sannu. Yaya ƙarfin jikin?"

Da farko dariya nake yi. Ban ɓoye wa kowa komai ba, ina so ku san wannan. A majalisarmu ta ƙofar tela na buɗe bakina kowa ya leƙa, na yi bayani dalla-dalla, har da bijimin. Wani dattijo da muke zama da shi ya gama leƙawa ya gyaɗa kai.

"Ai na gane. Haƙoran ne suka fara zuba, aka ɗaure su."

"Ba zuba suke ba, Baba. Jera su ake yi."

"To me ya sa ba a jera su ba tun kana da jiki?"

"Ai jerawar ce ta sa na rame."

"Haka likitocin suka ce maka?" Ya dafa kafaɗata. "Suna da tausayi."

Iyakar bayanina, iyakar tabbacinsu. Mutum ne ya rame, ba ya ci da mutane, wata-wata yana hanyar asibitin Damagaram, ga ƙarfe a bakinsa. Wasu suka ce suga ce, wasu tarin fuka, wasu suka ce wancan ciwon da ba a faɗar sunansa da ƙarfi. A kwata na lura in na dafa nama na buga hatimi na wuce, sai a yayyafa ruwa a wurin. A rugar bayan Yekuwa, Arɗon da muka yi shekaru muna aiki tare ya zagaya ni sau biyu yana duba ni yadda yake duban dabba, har ya ja fatar idona ƙasa.

"Ido garau," in ji shi. "Numfashi lafiya. Amma kwankwaso ya faɗa. Da saniya ce kai, Mai Allura, da ban saya ba. Da kuma tawa ce, da ban sayar ba."

Wannan magana ta fi ta kowa tsaya mini, don shi ba ya ƙarya a kan jiki. Na fara tambayar kaina: in gari guda ya ce ba ka da lafiya, mutum biyu a Damagaram suka ce kana da ita, wa ya fi kusa da gaskiya? Ko dai akwai abin da ke cina, ramar waya ta rufe shi? In na yi tari sau ɗaya sai in tsaya ina sauraron ƙirjina. Har na je aka ɗebi jinina aka yi analis, aka yi hoton ƙirji, aka ce babu komai. Na dawo na faɗa a tsakar gida kowa yana ji. Innarku ta ce alhamdu lillahi, ta tashi ta ƙara man shanu a cikin miyata.

Ana haka Yaya Rabi, babbar yayata da ke aure a Yekuwa, ta sauka a amalanke da ƙwaryar man shanu da gorar rubutu. Ba ta ko zauna ba ta ce in buɗe.

"Habu, wa ya yi maka wannan?"

"Likita ce, Yaya."

"Ka tafi da ƙafarka aka sa maka linzami? Mahaifinmu ya rasu da haƙora huɗu a bakinsa, da su ya ci naman layya. Kai naka sun cika baki, an hana su aiki."

Ta shimfiɗa tabarmarta a ɗakin Innarku ta ce ba inda za ta sai ta ga an cire. Har maƙeri ta yi wa magana, ya ce da awartaki zai iya, in dai zan daure.

Duk wannan da zai wuce a matsayin abin dariya, ba don ƴar'uwarku Mariama ba. A waccan shekara aka sa ranarta da Sanusi, ɗan wasu manoma na Bande, yaro mai sayen wake yana kaiwa Magaria. Ita ta kawo shi, ni kuma na bincika ban sami abin ƙi ba. An kawo kaya, an ce sai bayan girbi. Kuna tune da yadda take a lokacin, ko wanke-wanke take yi waƙa take yi ƙasa-ƙasa. Girbi ya zo, aka kai gero rumbu, muka ji shiru daga Bande. Innarku ta aika, aka ce ana nan ana shiri. Sanusi da ke zuwa duk ranar kasuwa ya koma zuwa jefi-jefi, in ya zo kuma a kan moto yake gaishe ni, ba ya miƙo hannu.

Wata ranar kasuwa da azahar sai ga Alhaji Idi, baffan Sanusi, wanda shi ya nema masa auren. Ya ce wucewa yake ya ga bai kamata ya wuce ba mu gaisa ba. Muka zauna a zaure. Ya kwance wata takarda ya baje a tsakaninmu: balangu ne mai zafi, a gefe kuma kilishi, irin busasshen nan mai kauri.

"Bismilla, Malam Habu. Ni ba na iya cin nama ni kaɗai."

Nan take na gane abin da ya kawo shi. Bai zo gaisuwa ba, ya zo ya ga ko uban yarinyar yana cin abinci. Mariama ce ta kawo mana ruwa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye kwanon. Da ta fita na yi bismilla. Da na tsaya a balangun, na yayyanka shi ƙanana, da wataƙila na tsira. Amma na ga idonsa a kaina, na ce bari in nuna masa gaba ɗaya. Na ɗauki kilishin na kafa masa haƙoran gaba na ja. Na ji wani abu ya yi ƙas. Ƙarfe ɗaya ya ɓalle, bakin wayar ya zame ya shige cikin kuncina. Na ci gaba da tauna ina murmushi da baki rufe, jini yana taruwa, ina haɗiye shi tare da yajin. Yajin ya bi ta maƙogwaro ya sarƙe ni. Na yi ta riƙewa har na kasa, tari ya ƙwace mini, na juya na tofar a kan yashin zauren. Ja wur.

Alhaji Idi ya kalli yashin. Ya janye hannunsa daga takardar a hankali.

"Tun yaushe kake tarin?"

"Ba tari ba ne, Alhaji. Waya ce ta soke ni. Duba ka gani."

Na matsa na buɗe masa baki, jini ya rine ƙarafan duka. Ya ja da baya har ƙeyarsa ta taɓa bango.

"Na gani," in ji shi. "Allah ya sawwaƙe. Allah ya sa kaffara ne."

Bai wanke hannu a kwanon ba. Ya goge a jikin takarda ya yi sallama. Ba a daɗe ba saƙo ya zo daga Bande, cikin ladabi ƙwarai: a ɗaga biki har Malam ya sami sauƙi, don bai dace a yi kiɗa ba uban amarya yana kwance. A tsaye nake lokacin da aka faɗa mini, na dawo daga allurar garke guda.

Washegari na tafi Damagaram ba ranar ganina ba, na ce wa likitar ta cire komai. Na ba ta labarin duka. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa a kan kilishin ba.

"Bakinka ne," in ji ta. "In ka ce a cire, yau zan cire. Amma suna tsakiyar hanya. Sun bar inda suke, ba su kai inda za su ba. In aka sake su yanzu ban san inda za su tsaya ba, wataƙila ya fi na da muni. Kuma ko na cire, ba zan ce maka ka mai da ƙibar ba. Wancan likitan ma ba zai ce ba."

"To in ban mai da ita ba, me cirewar za ta amfana mini?"

"Wannan kai za ka faɗa mini."

Ta manna ƙarfen da ya ɓalle, ta ce in je in yi shawara da gida. Na fito na zauna a gindin wata bishiya a harabar asibitin har rana ta karkata. Ina ta juya abin: in na cire na yi ƙiba, an ce na warke, ƴata ta yi aure, ni kuma na koma hanyar da likita ya ce ƙarshenta shanyewar jiki ne. In na bari, ina da lafiya, amma babu mai yarda. Ban taɓa jin an sa mutum ya zaɓa tsakanin lafiya da kamannin lafiya ba.

A gida na tara su a tsakar gida bayan la'asar, na faɗa musu yadda muka yi. Yaya Rabi ta ce ai magana ta ƙare, gobe a koma a cire. Innarku ta ce ita dai tun da aka sa abin nan ba ta ƙara ganin daidai ba. Mariama tana bakin murhu, ba wanda ya tambaye ta, don ba a saba tambayar yarinya a irin wannan ba. Sai muka ji muryarta.

"Kada a cire."

Yaya Rabi ta juya. "Ke, don ke ake wannan."

"Na sani, Gwaggo. In aka cire yanzu, cewa za su yi likitoci sun sallame shi, magani ya ƙare. Baba, ka bar ta har ta gama aikinta."

Abin da ta faɗa haka yake, duk mun san mutanenmu. Ni kuwa wani sanyi na ji a raina. Na ce ashe a duk garin nan akwai mutum ɗaya da ya saurari bayanina ya yarda. Da wannan na tsaya. Yaya Rabi ta naɗe tabarmarta ta koma Yekuwa, ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata. Kafin bazara mutanen Bande suka aiko a mai da musu kayansu, kafin damina Sanusi ya auri wata ƴar garinsu. Mariama ba ta yi kuka a gabana ba ko sau ɗaya. Ta dai daina waƙar nan, kuma a shekarar ita ma zanenta ya riƙa yi mata yawa.

Da lokaci ya yi aka cire wayar. Likitar ta miƙo mini madubi. Haƙora ne jere reras, masu kyau, a bakin wani siririn dattijo da ban sani ba. Na taune su, dama da hagu suka haɗu lokaci ɗaya, abin da na manta yadda yake. Na miƙe zan yi godiya in tafi, ta ce in zauna. Ta manna wata ƴar siririyar waya a bayan na ƙasa, inda ba a gani, ta kuma ba ni wata roba fara mai siffar haƙorana, ta ce in riƙa kwana da ita.

"Har yaushe?"

"Har iyakar lokacin da kake so su zauna a jere."

"Madam, ba an gama ba?"

"An gama kai su. Zaman ne ba a gamawa. Haƙori bai manta inda ya fito ba."

Ashe jiki ma haka yake. Da aka ji Malam Habu yana cin nama, gari ya tashi da ciyar da ni. Mahauta suka dawo da ƙunshinsu, Yaya Rabi ta aiko da zabi, Innarku ta riƙa dama fura da suga kamar ana biki. Ni ma na yi kewar tauna, ban ƙi ba. Cikin shekara guda tumbin ya fara dawowa, ana tare ni a hanya ana yi mini barka da arziki. Dattijon majalisa ya ce shi dama ya san addu'a ba ta faɗuwa. A daidai wannan lokacin ne ciwon kai ya dawo, har wata rana a kan moto na ga hanya ta rabu biyu, na tsaya na zauna a ƙasa. Likitan tansiyo ya auna ni ya cire tabarau ya ajiye, ya tambaye ni ko ina da ƙananan yara. Na ce ina da su. Bai ƙara komai ba.

Sai na sake ramewa, wannan karon da gangan, ba waya da zan ɗora wa laifi. Na sa aka sauya mini kwano da ƙarami. Furar yamma ba suga. Gona da ƙafa nake zuwa, da ƙafa nake dawowa. A wurin biki in ɗauki yanka biyu in tsame hannu, in jure kallon da ake yi mini. Gari ya ce ciwon ya dawo. Na daina gardama. Robar ma ta ba ni nata darasin: wata rana Innarku ta ga ta yi dauɗa ta zuba mata tafasasshen ruwa, ta lanƙwashe kamar ganye. Na ce ba komai, ai sun daɗe a jere, sun saba. Na yi damina guda ba ita. Da kaka na ji harshena yana karo da gefen wani haƙori da da ba ya nan. Na koma aka yi mini sabuwa, daren farko kamar an sake ɗaure wayar. Tun daga nan ban ƙara kwana ba ita ba, ko a gidan mutane, ko a wurin zaman makoki. Ga shi na ajiye aiki, sa'o'ina da yawa sun riga ni, wasu suna nan a kwance sai an juya su, ni ina zuwa gona. Ban ce wayar ce ba. Ban kuma ce ba ita ba ce.

Mariama ta yi aure bayan shekara uku, da malamin lekwal ɗin nan da kuka sani, mai koyar da boko a Magaria. Mutumin kirki ne, ban taɓa jin ta kawo ƙararsa ba. Da sallar layyar bara ta zo gida da yaranta. Da hantsi tana soya nama a tsakar gida, ni ina zaune kusa ina yanka nawa ƙanana kamar yadda na saba, sauran duk sun fita yawon salla. Na ce bari in faɗa mata abin da ban taɓa faɗa ba.

"Mariama, a shekarar nan ta waya, ke kaɗai kika yarda da ni. Ban manta ba."

Ta ci gaba da juya naman. Sai da ta kwashe kasko guda sannan ta yi magana, ba ta dube ni ba.

"Baba, ni ma na ɗauka mutuwa za ka yi."

Na ajiye wuƙar.

"A gidan nan babu wanda bai ɗauka ba. Da ka ce an yi analis ba komai, cewa muka yi kana ɓoye mana ne don kada mu tsorata. Bambancin kawai, su Inna da Gwaggo sun ce wayar ce take kashe ka. Ni kuma na ce likita ba za ta sa wa babban mutum wannan abu a banza ba, lalle ita ce take riƙe da kai. Na ji tsoro in an cire ba za ka kai damina ba."

"To maganar da kika yi, ta cewa za a ce an sallame ni?"

"Ita ce na san Gwaggo ba za ta iya musawa ba."

Man yana ta ƙara a kasko. Shekara da shekaru ina riƙe da ranar nan a matsayin ranar da aka fahimce ni, ashe yarinya ce ta ajiye aurenta don ta sayi ran ubanta, ran da ba wanda ya zo karɓa.

"Da kin san haƙora ne kawai," na ce, "jera su kawai ake yi, da me za ki ce?"

Ta rage wutar.

"Ban sani ba, Baba. Na sha tambayar kaina."

Sannan ta goge hannunta a zane, ta matso ta durƙusa a gabana.

"Buɗe in gani. Ban taɓa dubawa da kyau ba."

Na buɗe mata. Ta daɗe tana kallo, na sama da na ƙasa, ɗaya bayan ɗaya.

"Sun yi kyau," in ji ta.

Ta tashi ta koma kan kaskonta, don naman ya fara kamawa.